Ina da fu da piyon, shi sarki kaɗai ya rage masa, aka ce kunnen doki: ina adalci a nan?

DanBirni_84:
Assalamu alaikum jama'ar eshek (wasan ces) ta Damagaram da kewaye. Tun ranar Lahadi wani abu ke cina a rai, na ce gara in kawo shi nan in ji ta bakinku.

Waɗanda suka zo ƴar gasar da muka yi sun san zancen. Zagaye biyar ne, kowa awa ɗaya a agogo, kuma ana rubuta wasa. Na shiga zagayen ƙarshe da maki uku da rabi, aka haɗa ni da wani yaro ɗan lise (sakandare), ba zai wuce shekara 15 ba. Ni ke da farare. Tun wajen tafiya ta 30 na fi shi piyon biyu, wato ƙananan sojojin allo. A ta 41 ya ɗago kai ya ce mini a hankali, "Yaya, mu yi nul?" Wato kunnen doki yake nema. Na girgiza kai na ci gaba, don a ganina wasa ya riga ya ƙare.

Ga yadda allo yake a tafiya ta 57 (kowane gida a allo da harafi da lamba ake kiransa). Ni sarkina na f4, fu (mai tafiya a karkace) na d3, piyon biyu a g5 da h4. Shi sarkinsa na g7, dokinsa na f7, ba shi da komai bayan wannan. Na tura h5. Ko daƙiƙa biyu bai yi ba ya ɗauki doki ya cinye g5. Na cinye dokin da sarki, raina fes: ga fu, ga piyon, shi kuwa sarki tsirara. Sai ya shige h8 ya zauna. In na matso ya fito g8, in na juya ya koma h8. Na yi ta kewaya shi kusan tafiya ashirin, wuta ta ɗauke, fanka ta tsaya, zufa na ɗiga kan takardar da nake rubutu. A ƙarshe sarkina na g6, nasa na h8, na tura h7. Ba shi da inda zai taka, kuma ba eshek a kansa, wato ba a kai wa sarkinsa hari ba. Alƙali ya ce pat, kowa rabin maki.

Na san haka doka take, ba yau na fara wasa ba. Abin da nake tambaya shi ne, dokar nan adalci ce? A damiye, wanda aka toshe ya kasa motsi ya faɗi. Me ya sa a eshek mutumin da aka kwashe wa komai aka matse shi a lungu zai tashi da maki daidai da nawa?

Tanut_Direba:
Wa alaikumus salam. Ina bayanka. Ni ma abin nan bai taɓa kwanta mini ba. Ka ƙure mutum har ya rasa mafita, sai a ce canjaras?

Alkali_64:
Wa alaikumus salam DanBirni. Sannu da haƙuri, na san da ciwo. Amma ba a h7 wasan ya kuɓuce maka ba, tun a h5 ne.

Duba da kyau. Lokacin da piyon ɗinka yake h4, shi ke gadin g5. Da yaron ya ci g5 a lokacin, da piyon na h za ka rama, ya koma layin g, kuma fu da piyon na g suna cin wasa ba gardama. Da ka tura h5 sai ka janye mai gadi da hannunka. Abin da ya rage maka shi ne piyon na bakin allo, wanda gidansa na ƙarshe h8 ne, kuma h8 baƙin gida ne. Fu ɗinka na d3 kan fararen gidaje yake tafiya, har abada ba zai taɓa h8 ba. To wa zai kori sarkin daga lungu? Sarkinka ba ya iya matsowa kusa da shi, piyon ba ya cin abin da ke gabansa. Wannan sanannen matsayi ne, yana cikin kowane littafin ƙarshen wasa. Da fu ɗinka mai baƙaƙen gidaje ne, da ka ci nan take.

Da ni ne, fu zan kai c4 in taɓa dokin. In ya tsaya ka cinye shi, piyon biyu masu haɗe da sarki a bayansu sun wadatar. In ya gudu, ya bar gadin da yake yi. Da sauran aiki, amma wasan na hannunka.

DanBirni_84:
Malam Alƙali na gode. Na shimfiɗa allo yanzu a tsakar gida na gwada, haka ne. Wallahi ko kaɗan ban kula da launin h8 ba. Amma tambayata ta farko na nan, ba ka taɓa ta ba.

Tsohon_Zango:
Ɗana DanBirni, tambayarka tsohuwa ce, ta girmi kakanninmu. Wasan nan kafin ya zama abin da muke bugawa yau, Larabawa da Farisawa shataranji suke ce masa. Abin da kuke kira fu, su giwa suke cewa, ni ma har yau giwa nake ce mata. A wancan wasan, wanda ya matse abokin karawarsa ya hana shi motsi shi ya ci, haka ma wanda ya kwashe wa sarki duk mutanensa. To ka ga a shataranji da kai ne da nasara, har ta hanya biyu.

Amma akwai dalili. A lokacin waziri, wanda yau ya zama sarauniya, gida ɗaya tak yake takawa a karkace. Giwa kuma gida biyu take tsallakawa. Da irin waɗannan raunanan dakaru, kashe sarki abu ne mai wuyar gaske, shi ya sa aka buɗe wasu ƙofofin cin wasa. Da aka ƙara wa sarauniya da giwa ƙarfi a Turai, wajen ƙarshen ƙarni na 15, mat, wato kashe sarki, ya yi sauƙi, sai hankali ya koma kansa shi kaɗai. Ko a nan ba a daidaita da wuri ba. Akwai zamanin da a Ingila wanda ya yi wa ɗan uwansa pat shi ake cewa ya faɗi. Sai a ƙarni na 19 aka tsaya kan cewa kunnen doki ne.

Ni dai a ganina an yi daidai. An ce ka kashe sarki, ba a ce ka tsare shi ba.

Tanut_Direba:
To Baba, ai kun ba mu hujja da kanku. Tun da an taɓa yin dokar ta wata hanya, ke nan ba saukakkiya ba ce, ana iya gyarawa.

Etidiyan_Lissafi:
Tanut_Direba, ana iya gyarawa, amma ka duba abin da za a rasa. Ɗauki mafi sauƙin ƙarshen wasa: sarki da piyon ɗaya, ɗayan kuma sarki kaɗai. Duk dabarar mai karewa ita ce ya tsaya gaban piyon, ya riƙe fuskantar sarki da sarki, har ta kai ga pat. In ka ce pat nasara ce, kusan duk wanda ya fi ɗan uwansa piyon ɗaya ya gama, sai a riƙa musanyar kaya kawai har allo ya washe. Wanda ke ƙasa ba shi da dalilin ci gaba da zama. Pat ita ke sa mai rinjaye ya yi hattara har tafiyar ƙarshe, ita kuma ke sa wanda aka fi ƙarfi ya ci gaba da tunani. Ni wannan ne ya sa nake son eshek fiye da damiye.

Maman_Sadiya:
Ni ban iya wasan sosai ba, ƴata ce ke bugawa, ni na kawo ta ranar. Ina tsaye bayan teburinku lokacin da abin ya faru. Abin da na gani shi ne, yaron nan tun da aka shiga ƙarshen wasa idonsa na kan lungun can, yana ta ƙirga gidaje da leɓɓansa ba sauti. Hannunsa na rawa lokacin da ya ɗauki dokin, dokin nan na roba mai guntulallen kunne. Bayan an tashi ya fita waje ya zauna gindin bedi ya rufe fuska da hannu biyu. Malam DanBirni, kai rabin maki ka rasa, shi kuwa ina jin ranar ba zai manta da ita ba. Ba ina cewa kada ka ji zafi ba ne.

BaKano_a_Dole:
Mu can gida ces muke ce masa, amma ciwon iri ɗaya ne. Ni abin da ya fi tsaya mini shi ne tayin da ya yi maka a ta 41. Yaro yana ƙasa da piyon biyu ya ce a yi nul? Wannan rashin ladabi ne a wasa. Wanda ke sama shi ke tayi.

Alkali_64:
BaKano, a al'ada haka ne, an fi so tayin ya fito daga wanda ya fi ƙarfi a allo. Amma doka ba ta hana shi ba, muddin sau ɗaya ya yi bai dame shi da maimaici ba. Tun da zancen ya zo, bari in faɗi yadda ake yi, don kusan kowa a nan yana kuskurensa. Ka fara yin tafiyarka a allo, sannan ka yi tayi, sannan ka danna agogo. Ba a yi wa mutum tayi yana tsakiyar tunani a lokacinsa. Kuma in ka yi, ba ka da ikon janyewa, sai ya karɓa ko ya ƙi da baki ko ya taɓa kayansa zai yi tafiya. Ana sa alamar daidai a takarda a gefen tafiyar. Yaron nan haka ya yi, ina kallo.

Dokin_Mirya:
Tun da ana maganar nul, ku bar ni in faɗi nawa. Bara a wani wasan gaggawa, abokin karawata lokacinsa ya ƙare, ina ganin agogo ya nuna sifili na ɗaga hannu ina murna. Sai aka ce nul, wai don sarki kaɗai ya rage mini. Na yi ta musu har muryata ta dushe. Mutum lokacinsa ya ƙare, ai ya faɗi?

Alkali_64:
Dokin_Mirya, an yi maka hukunci daidai. In lokacin mutum ya ƙare ya faɗi, sai fa in kai ba ka da wata hanya ko ɗaya ta yi masa mat, ko da shi zai taimaka maka da mafi munin tafiya. Sarki kaɗai ba ya mat. Da piyon ɗaya ya rage maka wanda zai iya wucewa, da ka ci.

Etidiyan_Lissafi:
Wani abin da ake yawan rikicewa a kai shi ne maimaici sau uku. Mutane na zaton sai an yi tafiya iri ɗaya sau uku a jere. Matsayin allo ne ake dubawa: kaya su koma gidajensu ɗaya sau uku, mai tafiya ya zama mutum ɗaya, ko da akwai tazara tsakani. Kuma sai ka nema, ba ya zuwa da kansa, sai in ya kai sau biyar, nan alƙali ke tsayar da wasa. Haka dokar tafiya 50 ba a ci komai ba kuma ba a motsa piyon ba, ita ma nema ake yi, a 75 ne take zama dole. DanBirni, a tafiya ashirin ɗin nan da ka yi kana kewaya lungu, zai yi wuya a ce matsayi bai maimaitu sau uku ba. Ka duba takardarka.

DanBirni_84:
Na duba. Ya maimaitu tun a ta 68, kafin in tura h6. Bai nema ba.

Sarkin_Fada_GarinMalam:
Ku kuna ta kuka da nul ɗin da aka yi gumi a kansa. Ni wanda ke ƙona mini rai shi ne na teburi na ɗaya. Mutum biyu abokai, fada ɗaya suke shan shayi, suka zauna suka yi tafiya tara suka miƙa wa juna hannu, don sun ƙirga sun ga rabi-rabi ya ishe su su riƙe na ɗaya da na biyu. Ko minti goma ba su yi ba. DanBirni ya yi kusan awa biyu cikin zafin nan, yaron ma haka, kuma a takardar sakamako duk rabi-rabi aka rubuta. Wanne ne rashin adalci a nan? Ba pat ba ce matsalarmu.

BaKano_a_Dole:
Wannan gaskiya ne, amma manya ma suna yi. A 2018 a Landan, Carlsen da Caruana sun buga wasa 12 na kambun duniya, duka 12 kunnen doki. A na ƙarshe ma Carlsen ne ke da matsayi mai kyau, ya yi tayin nul bayan tafiya 31 don ya san a wasan gaggawa ya fi ƙarfi, kuma ya je ya ci uku a jere. Lissafi ne, ba ha'inci ba.

Sarkin_Fada_GarinMalam:
Tafiya 31 daban, tafiya tara daban. Kuma su kuɗi da kambu suke karewa. Mu me muke karewa, jika goma da kofin roba? Mun taru ne don mu buga wasa. Tun 2005 a wata gasa a Sofiya ta ƙasar Bulgeriya aka hana ƴan wasa yi wa juna tayin nul kai tsaye, wasu gasannin kuma suna ba da maki uku ga wanda ya ci, ɗaya ga kunnen doki, kamar ƙwallon ƙafa. Me zai hana mu ce a gasarmu ba tayi kafin tafiya 30?

Alkali_64:
Doka ta ba masu shirya gasa wannan damar, in an rubuta an sanar tun kafin a fara. Sai dai ku sani, mutum biyu da suka yi niyyar rabawa za su maimaita matsayi sau uku su kira ni, ba yadda zan yi. Maganin abin a zuciya yake. Duk da haka ina goyon baya, ko don yara su ga ba haka ake yi ba.

Tsohon_Zango:
Kada ku raina kunnen doki, ƴaƴana. Ina saurayi muke bin labarin Karpov da Kasparov a rediyo da tsofaffin jaridun da ke isowa a makare. Sun fara a Mosko cikin Satumba 1984, wanda ya fara cin wasa shida shi ne zakara. Karpov ya yi gaba da ci huɗu ba ko ɗaya, sannan aka jera nul 17. Har ya kai biyar, saura ɗaya tak, amma yaron nan Kasparov ya ƙi faɗuwa. Wasa 48 suka yi, 40 kunnen doki, aka dakatar da karawar cikin Fabrairu 1985 ba zakara. Da aka sake sabuwa a shekarar, Kasparov ya karɓe kambun. Da nul ya tsare kansa har ya koyi abokin karawarsa.

Etidiyan_Lissafi:
Akwai kuma ɗaya gefen, Baba. A Disamba 2024 a Singafo, wasan ƙarshe tsakanin Ding Liren da Gukesh kowa na ganin nul ne. A tafiya ta 55 Ding ya kai tur ɗinsa (mai tafiya a miƙe) f2, aka yi musanyar tur, aka tilasta musanyar fu, ya faɗa ƙarshen piyon da ba ya tsira. Gukesh ya zama zakaran duniya yana ɗan shekara 18. Zakaran duniya ke nan ya kasa riƙe nul. To yaron da ya riƙe nasa tafiya ashirin ba kuskure, a gaban babba, ɗaki cike da ƴan kallo, ya yi aiki.

Karamin_Doki:
Assalamu alaikum. Ni ne na buga da Yaya DanBirni. Wani abokina ya turo mini zancen, na karanta duka, na daɗe ina shakkar yin magana gaban manya.

Yaya, ka yi haƙuri da tayin da na yi a ta 41. Ban yi don raini ba, tsoro ne ya kama ni, na ga ka fi ni ko'ina. Da ka ƙi sai na ce bari in nemi wani abu. Malaminmu ya taɓa nuna mana lungun nan sau ɗaya a allon da muke wasa da shi a makaranta, wanda piyon ɗaya ya ɓata muke sa murfin kwalba a madadinsa. Ya ce in fu bai dace da launin lungu ba, ku gudu can ku zauna. Tun da aka cinye piyon na ɓangaren sarauniya nake duba h8, na ga baƙi ne, fu ɗinka kuma fari. Na kai doki f7 ina addu'a ka tura h. In da ka kai fu c4 kamar yadda Malam Alƙali ya ce, ban san abin da zan yi ba.

Maimaicin kuma na gani, amma ban san yadda ake nema ba, na ji kunyar tsayar da agogo in kira alƙali a gabanka.

Alkali_64:
Ƙaramin Doki, ba abin kunya ba ne, haƙƙinka ne. In tafiyar da za ka yi ita za ta kawo maimaici na uku, ka rubuta ta a takarda kada ka taɓa kayan, ka tsayar da agogo ka kira ni. Shi ke nan.

DanBirni_84:
Wa alaikumus salam ƙanena. Ba ka yi mini laifin komai ba, ni ne ma ban miƙa maka hannu da sakin fuska ba ranar, ka yafe ni. Ashe tun tafiya goma kafin nan kana gina abin, ni kuwa ina ƙirga piyon. Ka fi ni ganin allo a wannan wasan.

Game da dokar, har yanzu raina bai gama yarda ba. Maganar Etidiyan ta shige ni, na gane abin da za a rasa in an cire pat. Amma in da za a ba wanda ya yi pat ɗan abin da ya fi rabi, ko kaɗan ne, da na fi jin daɗi.

Tanut_Direba:
Yauwa. Kashi uku cikin huɗu ga wanda ya matse, ɗaya ga wanda aka matse. Ni a nan na tsaya.

Etidiyan_Lissafi:
Ba ku ne farkon masu wannan ra'ayin ba, Lasker ma da ya riƙe kambun duniya shekara 27 ya taɓa ba da shawarar a bambanta makin pat da na sauran nul. Amma ku tuna akwai pat ɗin da wanda ke ƙasa ne ke shirya ta, ya riƙa jefa tur ɗinsa yana eshek har a tilasta a cinye ta. Wa za a ba kashi ukun a nan?

Maman_Sadiya:
Sadiya ta ce in tambaya ko wani zai nuna musu irin waɗannan ƙarshen wasan. Su a makaranta buɗe wasa kawai suke haddacewa.

Tsohon_Zango:
Ku kawo su ƙofar gidana ranar Juma'a bayan la'asar, akwai inuwa da tabarma, allo biyu gare ni. DanBirni ka zo da takardar wasanka, mu fara daga tafiya ta 57, kai ka riƙe baƙaƙe, Ƙaramin Doki ya riƙe farare, mu ga ko zai iya cin abin da ya hana ka ci.

Sarkin_Fada_GarinMalam:
Zan zo da shayi da gawayi. Malam Alƙali, ka taho da rubutacciyar dokar tafiya 30 ɗin nan mu duba ta kafin gasa ta gaba.